Kihi Ya Hi Nama

Matar yayana, Malama Halimatu, gajeruwar mace ce mai saurin tafiya, wadda idan ta nufo ka daga nesa sai ka fara lalube a zuciyarka ko akwai laifin da ka yi mata. Ni ƙanin mijinta ne, saboda haka al'ada ta ba ni izinin tsokanarta, kuma ban taɓa barin izinin nan ya kwana a banza ba. Sunana Jabiru. Ina tuƙa jirgin ruwa mai inji daga ƙauyenmu na bakin tafkin Kainji, a ƙasar Ngaski, zuwa kasuwar Wara, wani lokaci har Yelwa idan kaya sun samu. Rabin aikin jirgi jira ne, kuma makarantar firamaren garinmu tana kan tudu daidai saman kwata, inda muke ɗaure jirage. Duk abin da ake yi a ajin Malama yana gangarowa kunnena ko ina so ko ba na so.

A gidan masunta aka haife ta. Babanta gyaran taru ne aikinsa, innarta kuma bandar kifi, har yau idan Malama ta ratsa ta inda ake banda sai ta tsaya ta gaya wa masu yi cewa wutar ta yi yawa. Ta yi firamare shekara shida, ta fito tana rera haruffa daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, amma ba ta iya karanta kalma ko ɗaya. Ita da bakinta take faɗin wannan, ba ta ɓoye shi. Da haka ta shiga sakandare a Yelwa, tana kwafar duk abin da aka rubuta a allo da kyakkyawan hannu, ba ta san abin da take kwafa ba. Wata abokiyar zamanta a aji, Christiana, 'yar mutanen kan dutse wadda ta koyi karatun Hausa a coci tun tana ƙarama, ita ta gano ta. Ba ta tona mata asiri ba. Sai ta riƙa janta bayan aji lokacin hutun tara, ta ɗora mata yatsa a kan harafi, ta ce wannan ga abin da yake cewa, wannan kuma ga nasa, haɗa su ki ji. Malama takan ce ranar da ta haɗa kalmar farko da kanta haushi ta ji kafin murna, domin ashe abin bai fi haka ba, aka bar ta shekara da shekaru tana ihu a aji.

Za ka zaci wadda ta sha irin wannan ba za ta maimaita shi a kan 'ya'yan wasu ba. Ina! Da ta gama kwalejin horon malamai, ta auri yayana Zaidu, aka ba ta aji a makarantar garinmu, sai ta ɗauki sanda ta yi yadda kowa yake yi. Ta cika allo da rubutu, ta buga sanda a kan layin farko, ta faɗa, yara su amsa da iyakar ƙarfinsu. Aji ya cika maƙil, wasu a benci, wasu a ƙasa, wasu a kan taga. Da yawansu ma Hausar ba ta zauna a bakinsu ba, domin a gida Gunganci ko Kambarci suke yi, ga shi an haɗa su da Turanci tun ranar farko. Ana ta rera musu sunan tuffa da ƙanƙarar ƙasar Turawa, yaran da ba su taɓa ganin ko ɗaya ba. Daga kwata mukan ji karatun yana tashi, masunta su gyaɗa kai su ce lalle yau ana aiki a makaranta. Ita kuwa takan dawo gida murya a dishe, ta zauna a bakin murhu. Ta san abin da ke faruwa fiye da kowa, ta rasa ta inda za ta kama shi ne kawai.

Wata shekara aka kira malaman ƙananan azuzuwa bita a Yelwa a kan koyar da karatu da harshen Hausa. Ni na kai ta a jirgi. A hanya na ce mata na san dalilin zumuɗin, shinkafar gwamnati za a je ci. Ta ce in kula da injina, kada in kifar da ita kafin ta ci. Da na koma ɗauko ta, na tarar da wata mace daban. Tun daga Yelwa har gida bakinta bai rufe ba, tana ta yin wasu sautuka ita kaɗai, har wata tsohuwa mai kwandon albasa ta matsa gefe.

Kafin mu sauka ta ce, "Jabiru, tsohon jirgin nan naka da ya ruɓe a bayan gida, ina son katakonsa."

"Za ki shiga kamun kihi ne, matarmu? An kore ki daga malanta?"

"Allo nike so, kowane yaro da nashi. Ka yanka, ka goge, ka shafa baƙin fenti. In ba ka iyawa ka hwaɗi, in nemi namiji."

Na yanka, na goge, na shafa fenti. Ba don na yarda da abin ba, sai don wannan kalma ta ƙarshe.

Abin da ta koma tana yi a aji ba wani sihiri ba ne, kuma na tsaya a taga na gani da idona. Harafi ɗaya take ɗauka a rana. Ba ta fara gaya musu sunansa ba, sai ta nuna musu abin da yake cewa. Ta rubuta shi babba a allo, ta juyo ta ce kowa ya kalli bakinta, ta rufe leɓe ta ja sautin, mmm. Sannan ta ce su yi tare da ita. Sannan ta yi shiru, ta bi su layi layi, kowane yaro ya yi shi kaɗai. Wanda ya kuskure ba duka, ba tsawa, amma kuma ba a wuce shi. Nan take za ta sake yi masa, su yi tare, ya sake yi da kansa. Haka take yi da rubutu: ta zana a allo tana faɗin inda hannu ke farawa da inda yake tsayawa, su zana a iska, su zana da yatsa a bayan na gabansu, sannan a ɗauki alli. Idan baƙi da wasali sun samu, sai ta kawo su kusa da juna a hankali har su haɗu su zama gaɓa, ma, na, ka. Gaɓa biyu su ba da kalma. Kowace safiya kafin sabon harafi sai an koma kan na baya, kuma kafin a tashi sai ta yi musu shifta, ta faɗi kalma su rubuta ba tare da sun gan ta a ko'ina ba. Ita dai ƙa'idarta ɗaya ce, ba ta barin yaro ya yi canke. Duk abin da take so ya sani sai ta gaya masa ƙarara, ta nuna masa, sannan ta tambaye shi.

Matsalar ita ce makaranta ta yi shiru. Mu a nan, tun daga makarantar allo, da ƙarar murya muke auna karatu. Yanzu daga kwata ba ka jin komai daga ajin Malama sai mmm da sss, kamar an taɓa gidan zuma. Mata suka fara magana a wurin wanki. Aka ce Halimatu ta je Yelwa ta koyo lalaci. Wani ya ce ɗansa ya yi wata guda a makaranta, haruffa kaɗan kawai ya sani, alhali a da cikin mako ɗaya yaro ke rera su duka. Ni kaina na taya su, don ban ga dalilin da zan bar irin wannan dama ta wuce ni ba. Idan na shiga gidan yaya sai in yi sallama da mmm, ita kuma ta jefe ni da abin da ke hannunta.

Wanda bai ɗauki abin da wasa ba shi ne Magaji. Masunci ne, dogo, mai kaurin hannu, maganarsa kaɗan. Ba maƙiyin boko ba ne, wannan ya kamata a faɗa. Shi ya fara sa ɗansa Sufyanu a makaranta lokacin da maƙwabtansa ke yi masa dariya, ya hana yaron shiga ruwa har ya gama aji shida. Ranar da aka kafa wani allon sanarwa a kwata, rubuce da Hausa, a kan sa rigar ruwa kafin shiga jirgi, Magaji ya kamo hannun Sufyanu a gaban mutane, cike da alfahari, ya ce ya karanta musu. Yaron ya tsaya yana kallon allon har idonsa ya kawo ruwa. Ina wurin. Magaji bai zage shi ba, bai ɗaga masa hannu ba. Washegari dai muka ga Sufyanu a bayan jirgin ubansa da filafili a hannu, kuma daga ranar ba a sake jin Magaji ya ambaci makaranta ba.

Autarsa Yasira tana ajin Malama, ita ma don innarta ta matsa ne aka sa ta. Al'adar gidan Magaji, idan bazara ta yi ruwa ya fara janyewa, sukan kwashe su koma gungu, wato tsibirin da masunta ke tarewa a tsakiyar tafki, sai ruwa ya dawo su dawo. A da yakan bar ɗan makaranta wurin tsohuwarsa a gari. A wannan shekarar ya ce da Yasira za a tafi, ta taya innarta banda. Babu makaranta a gungu, kuma duk garin an san yarinyar da ta tafi can ta kama aikin kifi ba ta komawa aji.

Malama ta ji labari, ta gangaro kwata da tsakar rana da alli a hannunta. Magaji yana zaune a inuwar jirginsa yana ɗinkin taru, ni kuma ina kwance cikin nawa ina yin kamar barci nake.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba Magaji, na ji an ce za ka tahi da Yasira."

"Gaskiya anka hwaɗa miki."

"Ka bar min ita. Ta kusa."

Bai ɗago ba. "Malama, haka anka ce min ga Suhyanu. Ya kusa, ya kusa, har shekara shida. Shi ko ihun ya iya. Wagga ko ihun ba ku koya mata ba."

"Ihu ba karatu ba ne, Baba. Ka zo aji ta karanta maka littahi ka ji."

Nan ya ajiye allurar, ya dube ta. "Littahi? Suhyanu shina karanta min littahi shina rufe. Har ya juya shi ƙasa bisa ya karanta. Ni ban yi boko ba, amma ba a cuta ta sau biyu da abu guda." Sannan ya ce, "In kina son in yarda, ga yadda za a yi. Ni za ni raɗa mata magana ga kunne, maganata, wadda babu ta cikin littahinku. Ta rubuta. Sannan a kira wanda bai nan, ya duba ya hwaɗi abin da nic ce. In ya hwaɗa daidai, ɗiya taki ce. In bai hwaɗa ba, kada ki sake biyo ni kwata."

Na ɗaga kai daga cikin jirgi don in ga fuskarta. Ta ce ta yarda, amma a bar ta har ranar da za su tashi. Ya ce an bar ta.

Abin da Magaji bai sani ba, ni kuma na sani, Yasira ba ta cikin na gaba a ajin. Yarinya ce mai kunya, muryarta ba ta fita, rabin ranarta wurin kakarta take yi suna Gunganci. Wasu haruffan takan juya musu baya. Da a ce wani yaro aka zaɓa daga layin gaba, da Malama ta yi barcinta da minshari. Da yamma na shiga gida na fara tsokana, na ce to, matar yaya, yau baki ya yanka wuya. Ba ta jefe ni da komai ba. Ta ce, "Jabiru, tsoro nike ji." Tunda aka kawo ta gidanmu ban taɓa jin ta faɗi haka ba, sai na ji tsokanar ta fita daga raina.

Babu wani shiri na musamman da za ta iya yi, domin ba wanda ya san abin da Magaji zai raɗa. Ba za a haddace maganar da ba a faɗa ba tukuna. Saboda haka ta ci gaba da abin da take yi, harafi bayan harafi, sai dai ta dawo da Yasira kusa da ita, kuma ta ƙara yawan shifta. Ta koya musu su sa hannu a ƙarƙashin haɓa su faɗi kalma a hankali, duk sa'ad da haɓa ta sauka gaɓa ce guda, a rubuta ta kafin a wuce. Daga kwata ina kallon ruwa yana janyewa, laka tana fitowa, masu albasa suna bin bakin ruwa da shuka. Ban taɓa jin haushin bazara irin na wannan shekarar ba.

Ranar ta zo da hantsi. Magaji ya riga ya loda jirginsa, tukwane da tabarmi da ragar banda, sannan ya hau tudu zuwa makaranta. Labari ya riga shi isa, don haka mutane sun cika gindin bishiyar da ke gaban aji, har da masu cewa Malama ta koyo lalaci, sun zo da wuri sun kama wurin zama mai kyau. Aka tambayi Magaji wa zai karanta. Ya ƙi malamai, ya ƙi hedimasta. Ya waiga ya nuna ni.

Wani ya ce, "Ai wanga ƙanen mijinta ne."

Magaji ya ce, "Don haka niz zaɓe shi. Kun taɓa ganin Jabiru ya rufa mata asiri?"

Aka yi dariya, aka kore ni zuwa kwata, aka haɗa ni da wani dattijo ya tsare ni kada in saci ji. Abin da ya faru a bayana daga baya aka ba ni labari. An ce Magaji ya sa Malama ta koma bakin ƙofar aji, nesa da yarinyar. Ya zaunar da Yasira a kan tabarma da allonta, ya sunkuya ya raɗa mata magana, ya maimaita. Yarinyar ta daɗe ba ta taɓa alli ba. Sai ta sa hannu a ƙarƙashin haɓarta, leɓunanta suna motsi, ta rubuta, ta tsaya, ta sake sa hannu. Sau ɗaya ta goge da yawu ta gyara. Ba wanda ya yi tari har ta ajiye allin.

Aka kira ni. Na hau tudun nan da na saba hawa a guje, amma ranar a hankali na taka shi. Aka miƙo mini allon, guntun tsohon jirgina. Rubutun manya-manya ne, ya fara daga ƙasa yana hawa sama. Na dubi kalmar farko. Na yi sakandare, ina karanta littattafan Hausa a zaman jiran fasinja, amma ban taɓa ganin wannan kalma a rubuce ba. Ta uku ma haka, harafi biyu ne kawai, ba su ba ni komai ba. Na ce a raina shi ke nan, yarinya ta rikice, ta zuba haruffa yadda suka zo mata. Na shiga neman kalmar littafi da ta yi kama da su, ko zan lallaɓa in gyara mata. Na dubi allo, na dubi Malama, na sake duban allo.

Na ji wata mata ta ce, "Ayya." Magaji ya miƙe tsaye ya kakkaɓe rigarsa, ya miƙa wa Yasira hannu. Fuskarsa ba ta nuna murnar cin gardama ba, ta mutumin da ya so a ƙaryata shi ce.

Sai muryar Malama ta taso daga bakin ƙofa, irin wadda take yi wa yaran layin baya. "Jabiru! Ba a ce ka yi tunani ba. Ɗora yatsa ga harahin farko, ka hwaɗi abin da shike cewa. Kada ka gyara komi."

A gaban garin duka, ni mai gemu, na ɗora yatsa a kan allo na bi shi gaɓa gaɓa kamar ɗan aji ɗaya. "Ki... hi... ya... hi... na... ma." Kafin in rufe baki kunnena ya ji abin da idona ya kasa gani. Na ce da ƙarfi, "Kihi ya hi nama!"

Wurin ya fashe da dariya da sowa. Ashe maganar da nake ji kullum ce a kwata, wadda ni kaina nake faɗa. A littafi ana rubuta kifi ya fi nama, amma mu a nan ba mai cewa haka sai mai karanta labarai a rediyo. Kihi muke cewa, ya hi muke cewa. Yasira ta san harafin da littafi ke sawa, an koya mata shi, amma ba shi ta ji a bakin ubanta ba. Abin da ya shiga kunnenta shi ta sa a allo, sauti bayan sauti. Babu littafin da za ta kwafo wannan daga ciki, babu kuma wanda zai haddace mata shi.

Magaji bai yi dariya ba. Hannunsa yana nan a miƙe, ya manta da shi. Ya ce, "Sake hwaɗi." Na sake. Ya ce, "Haka nic ce. Yadda nic ce shi." Ya karɓi allon ya juya shi, ya duba bayansa, sannan ya ce a sake korata kwata, wannan karon har cikin jirgi.

Da aka sake kirana rubutun ya fi na farko tsawo, kuma an ce ta fi daɗewa a kansa. Ban tsaya tunani ba, na ɗora yatsa na bi. Sai da na kai ƙarshe na gane abin da na shelanta wa fasinjojina da bakina: "Jirgin Jabiru shina yoyo." Ƙarya ce, ɗan tsatsa ne kawai a gefe guda, amma ba wanda ya saurari bayanina. A nan ne Magaji ya yi dariya, irin wadda ban san yana da ita ba, har yana riƙe ciki.

Da ya natsu ya dubi Malama ya ce, "Ɗiya taki ce. Tana wurin kakarta har mu dawo."

Malama ta ce, "Na gode, Baba," da murya daidai, kamar ba komai. Ta juya ta shiga aji. Na bi ta don in karɓi godiyata, sai na tarar da ita zaune a ƙasa a bayan ƙofa, ta jingina da bango, ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta suna rawa. Can na ce, "Matarmu, ai rubutun ba daidai ba ne, kihi fa ta rubuta." Ta buɗe fuska, ido jawur, tana dariya tana share hanci. Ta ce gobe za ta nuna wa ajin duka yadda baki ke faɗa da yadda littafi ke rubutawa, wannan aikin safiya ɗaya ne.

Har yanzu tana nan a makarantar, ajinta bai ragu ba, benci bai ƙaru ba. Ba duka yaranta ke fita da karatu ba, akwai waɗanda kamun kifi da noma ke janyewa kafin su kama, kuma tana jin zafin kowane ɗaya. Amma mata sun daina maganar lalaci a wurin wanki, kuma malamin aji biyu ya zo da kansa ya tambaye ni ko akwai sauran katako.

A ranar gwajin dai, bayan azahar, muka raka su Magaji kwata. Ba wanda ya tambayi Yasira abin da take so, kuma da ta ga innarta ta shiga jirgi sai ta fashe da kuka, ta ce ita ma gungu za ta. Kakarta ta riƙe ta, Malama ta tsuguna tana lallashi. Magaji ya kunce igiya, ya sa ƙafa ɗaya a jirgi, bai waiwayi yarinyar ba, na kuma san dalili. Sai ya yafito ni da hannu, ya rage murya.

"Ranar kasuwar Wara kana bi ta gungu?"

Na ce ina bi.

"To, ka ce ta rubuta min magana ga allon nan, ko mi taka so, ka zo da shi ka karanta min." Ya tura jirgin da filafili, ruwa ya shiga tsakaninmu, sannan ya ɗaga murya. "Yadda tar rubuta shi, Jabiru. Muryar ɗiyata nika son ji, ba taka ba."